Mun Jira Inna Tsuya

A layinmu na unguwar Minowa a Tokyo, babu wanda yake zuwa wurin ibada da shigar biki bai fara bi ta shagon Inna Tsuya ba. Shagon ɗan ƙarami ne, kujera biyu da madubi ɗaya da ya fara tsatsa a gefe, sai wani ɗaki daga ciki mai shimfiɗar tabarma inda take ɗaura wa mutane kimono, shigarmu ta gargajiya. Amare, 'yan matan da suka cika shekara ashirin, yaran da ake kaiwa wurin ibada godiyar girma a watan Nuwamba, duk aikin hannunta ne. In ta ja miki ɗamara sai kin ji numfashinki ya tsaya a wuya, in kika yi ƙorafi ta ce, “Numfashi kika zo yi ko kwalliya?” Idan ta gama sai ta raka mutum bakin ƙofa, ta tsaya da tsinken gashi a baki tana kallonsa har ya sha kwana, sannan ta koma ta share gashin da ya zuba.

Sunanta Tsuyako, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi duka ba. Daga wani ƙauye a Yamagata ta zo tana 'yar shekara goma sha biyar, cikin jirgin ƙasan da a wancan zamani yake kwaso yaran arewa ya kawo su Tokyo aiki. Ta ce abin da ta fi tunawa a ranar shi ne ƙaninta Seiji, wanda ita ta goya shi duk lokacin da uwarsu ke gona, yana bin jirgin da gudu da takalmi ƙafa ɗaya. Aka ajiye ta a wani shagon gyaran gashi, ta yi shekaru tana wanke tawul da kawunan mutane kafin a bar ta ta riƙe almakashi. Ta yi aure. Mijin direban tasi ne mai son kallon tseren dawaki, kuma bai yi tsawon rai ba. Ba su haihu ba. Ba ta sake aure ba, ta ce ta ga iya abin da ke ciki.

Ni ta wajen mijina, Tatsuro, na same ta. Tatsuro yana da shekara shida mahaifiyarsa ta rasu, mahaifinsa kuwa direban ƙaramin jirgin ƙasa na unguwa ne, yau aikin safe gobe na yamma. Gidansu yana jikin shagon. Babu wanda ya roƙe ta, babu kuma ranar da aka zauna aka ce mata ga amana. Ta dai leƙo ta ga yaro zaune a kan matakala da jakar makaranta, ta ce ya shigo ya riƙe mata tsintsiya, shi ke nan. A shagon ya riƙa yin aikin makaranta, a nan yake cin abinci, a nan aka yi ta yi masa aski har ya shiga jami'a da kai irin na 'yan firamare. Ita ta mare shi ranar da ta kama shi da sigari. Amma in aka ce taron iyaye ne, ko bikin gama makaranta, sai ta goge masa riga, ta gyara masa wuya, ta tsaya a bakin ƙofa. “Wurin dangi ne,” in ji ta, “ni maƙwabciya ce.”

Ranar da ya kai ni gaishe ta kafin aurenmu, ta dube ni sama da ƙasa, ta kama jelar gashina ta murza.

“Wa yake yanke miki wannan?”

Na faɗi sunan wani shago mai ji da kansa a Shibuya.

“Ki koma ki ce su ba ki haƙuri.”

Ni ma bakina ba a ɗinke yake ba. Na ce ai gara nawa da askin da ta yi wa ɗanta shekara ashirin. Sai ta fashe da dariya har tsinken ya faɗo daga bakinta. A hanyar komawa Tatsuro ya ce ba zancen askin ne ya yi mata daɗi ba, “ɗanta” ɗin da na ce ne.

Na haifi Fumika a ƙarshen Satumba. Mahaifiyata tana can Kagoshima tana jinyar babana, ba ta iya barinsa ko na kwana biyu, surukina kuma ya riga ya rasu. Inna ce ta yi mini komai. Da safe kafin ta buɗe shago za ta shigo da tukunyar romo, ta karɓi jaririyar ta yi mata wanka, tana yi tana faɗa mini duk abin da nake yi ba daidai ba. Ban iya naɗe zani ba, ban iya sa yarinya ta yi gyatsa ba, gashina kuma kada ma a yi magana. Ina jin haushi, ina kuma shan romon har ƙasan kwano. Ba don ita ba, ban san yadda zan yi da waɗannan makonnin ba.

Idan jaririya ta cika wata ɗaya da 'yan kwanaki, sai a kai ta wurin ibada a nuna ta ga Mai wurin, wanda ake bautawa a can. Dangin mijina ba na unguwa suke zuwa ba, babban nan da ke cikin daji a tsakiyar gari suke zuwa, wai don kakan kakansu yana cikin samarin da suka dasa itatuwan. Wace bishiya ya dasa, babu wanda ya sani, amma kowa a gidan yana da wadda yake nunawa. A ranar ba uwa ce take riƙe jaririya ba, kakarta ta wajen uba ce. Ita ake lulluɓawa da rigar bikin tare da jaririyar, a ɗaure mata igiyar a baya. Fumika ba ta da wannan kakar. Tun ina asibiti ni da Tatsuro muka gama magana cewa Inna ce za ta riƙe ta, matar da ta shirya rabin unguwa zuwa dajin nan ba ta taɓa shiga cikin ayarin kowa ba.

Sai dai akwai Gwaggo Masae, ƙanwar surukina, da ke aure a Yokohama. Ta iso da kalandarta a jaka, ta sa tabarau, ta bi ranaku da yatsa har ta tsaya a kan Lahadin ƙarshen Oktoba, ta ce ranar sa'a ce daga safe har yamma. Rigar bikin ma a hannunta take, ja ce ta siliki mai furanni, wadda ita kanta a cikinta aka kai ta tana jaririya. Muka zauna a teburin cin abinci muna tsara tafiya. Gwaggo ta ce jirgin ƙasa, ni na ce tasi, don ba zan shiga turmutsutsun tasha da jinjira ba. Keken jarirai ba zai yi ba, hanyar duk tsakuwa ce. Za mu shiga da sassafe kafin masu yawon buɗe ido su cika wurin, sannan mu wuce gidan abinci a ci jar shinkafa da gasasshen kifi.

“Ni ce jininsa mafi kusa,” in ji Gwaggo tana naɗe tabarau, “don haka ni zan riƙe ta. Na ma fara gwadawa da matashin kai.”

Tatsuro, wanda tunda na san shi bai taɓa yi wa Gwaggo musu ba, ya kalli kofin shayinsa ya ce, “Gwaggo, Inna muka yi niyya.”

“Mai shagon?”

“Ita.”

Gwaggo ta rufe jakarta, ta daɗe tana gyara maɓallin. “To. In ta yarda,” ta ce.

Mu kam ba mu ga abin da zai hana ta yarda ba. Abin da ya dami Tatsuro shi ne nisan hanyar, don Inna ta haura saba'in da biyar. Ranar hutunsa ya ɗauki ƙaramin buhun shinkafa ya rungume a ƙirji, ya je ya taka tun daga babbar ƙofa har farfajiyar ciki, wai yana auna ko tsohuwa za ta iya. Ya dawo yana ba ni labarin inda akwai benci da inda hanya ta yi gangara. Ya ce wani mai shara ya tsayar da shi ya tambaye shi ko sadaka ya kawo, kunya ta hana shi cewa a'a, sai ya baro musu shinkafar. Ranar taliya muka ci.

Ana cikin haka Inna ta ɓace. Shago a rufe, ba romo, ba faɗa. Bayan 'yan kwanaki ta dawo, amma ba ta ƙara taka gidanmu ba. Da safe sai mu tarar da abinci a rataye a hannun ƙofa, ba ta ko ƙwanƙwasa ba. Da Tatsuro ya tare ta a bakin shago ya faɗa mata abin da muke so, sai ta ce bayanta ke ciwo, a ba Masae, haƙƙinta ne.

Ban damu ba. A wurinmu ƙin farko ba ƙi ba ne, na biyu ma ladabi ne, sai an nace mutum yake karɓa yana cewa an fi ƙarfinsa. Na aika Tatsuro ya sake. Na je da kaina. Na ƙara komawa da Fumika a hannu, na miƙa mata ita a kan titi, don na san babu yadda za ta yi. Matar nan ta mayar da hannuwanta baya ta ja da baya taku biyu. Ta ce, “Ki mayar da ita ciki, akwai iska.”

Ranar na yi fushi sosai. Na ce wa Tatsuro in wani abu muka yi mata ai sai ta faɗa, da ma can baki take da shi. Na zargi Gwaggo, na ce ta bi ta bayan gida ta faɗa mata magana. Tatsuro ya daina cin abinci sosai, sai ya tsaya a taga yana kallon shagon. Gwaggo kuwa ta bugo waya ta ce ta ji labari, kada mu damu, ita tana nan.

Mai awarar layinmu ce ta sa na farga. Na je saye, ta ce mini, “Ke Kanae, me ya sami Tsuya? Na kai mata zancen jikata, za mu kai ta godiyar shekara bakwai, sai ta ce in je wurin Rumi.” Rumi mai shago ce a tsallaken layin dogo, wadda shekara talatin Inna tana cewa ɗamara take ɗaurewa kamar mai ɗaure itacen girki. Ashe ba jikar mai awara kaɗai ba, duk yaran Nuwamba ta tura can. Inna za ta iya yin fushi da ni, za ta iya yin ciwon baya, amma ba za ta miƙa wa Rumi kan yaro ko ɗaya tana cikin hayyacinta ba.

Na bar Fumika wurin ubanta, na tura ƙofar shagon na wuce ɗakin ciki ba tare da na jira an ce in shigo ba. Ƙamshin turaren tsinke na fara ji. Na ɗaga kai wajen ɗan akwatin ibadan da ke saman bango, wanda kullum take canza wa ruwa da ganye, sai na ga an rufe fuskarsa da farar takarda, kamar yadda ake yi in an yi rasuwa. A kan ƙaramin tebur ga hoton wani dattijo mai hular manoma, da ɗan kwanon shinkafa a gabansa. Na durƙusa a nan bakin tabarma.

“Inna, wa ya rasu?”

Tana zaune tana naɗe tawul. Ba ta ɗago ba. “Seiji. Yana tsinkar tuffa ya zauna, bai tashi ba.”

“Shi ne ba ki faɗa mana ba?”

“A gidan da aka yi haihuwa? In shigo muku da mutuwa a hannu, in ɗauki jinjira da shi? Ke dai ba ki da hankali.”

“Ni ce ba ni da hankali? Ke kika tafi Yamagata ke kaɗai, kika dawo ke kaɗai, kika zauna nan kina kuka ke kaɗai, mu muna can muna zaginki a ciki!”

“Kin zage ni?”

“Sosai ma.”

Ta ɗan murmusa, sai ta fara kuka. Na matsa zan riƙe ta, ta ɗaga hannu ta ce kada in taɓa ta, zan koma wurin yarinya. Na taɓa ta. Muka yi kukanmu, ita tana yi tana cewa in na fita in watsa gishiri a kafaɗa don tsarki kafin in shiga gida.

Mai makoki ba ya shiga wurin ibada, ba ya sa hannu a shagalin kowa, sai kwana hamsin sun cika. Nata sai farkon Disamba za su cika. Ta ce, “Kada ku jira ni. Ranar yarinya ranarta ce. Masae tana so, ku ba ta. Ni zan leƙo ta taga in ga wucewarku.”

Da Tatsuro ya ji, ya je ya durƙusa a gaban hoton ya kunna turare, ya daɗe kansa a ƙasa. Da ya ɗago sai ya kawo dabara irin tasa. Ya ce ai ya ji ana cewa ƙarƙashin babbar ƙofar ce mai makoki ba ya bi, kuma ranar da ya je da shinkafa ya ga akwai 'yar hanya ta gefen ginshiƙi.

Inna ta dube shi kamar ta sake kama shi da sigari. “Wato Mai wurin ƙofa kawai yake gadi, in ka zagaya ba ya ganinka? Wannan karatun jami'ar naka ne?”

Ni kuma na buga waya ofishin wurin ibadan. Wani saurayi mai sanyin murya ya ce mini idan ɗan'uwa ne ya rasu mutane da yawa ba sa ƙirga kwanakin da tsawo haka, kuma in dole ne ana iya yi wa mutum tsarki a bakin ƙofa ya shiga. Na ruga na faɗa mata ina murna. Ta ce, “Su ba su goya shi ba. Ni uwa ce a wurinsa, kwanakin uwa zan yi masa.” Daga nan na daina neman hanya ta gefe.

Saura Gwaggo. Ta zo ranar Asabar da jerin dalilanta a baki. Disamba sanyi ne, yarinya za ta kamu da mura. An riga an kama wuri a gidan abinci. Mutane za su ce gidan su Tatsuro ba su san ranar kai jariri ba. Duk gaskiya ta faɗa, shi ya fi ba ni haushi. Na ce, “Gwaggo, sanyi akwai bargo. Gidan abinci ba zai gudu ba. Amma ni ba zan shiga dajin nan Inna tana leƙe ta taga ba. In ba da ita ba, Fumika ta yi zamanta a gida har ta iya takawa da ƙafarta.” Tatsuro ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, na janye ƙafata. Gwaggo ta tashi, ta rusuna mana kamar baƙi, ta tafi da rigarta. Na ce a raina shi ke nan, sai dai mu yi hayar wata rigar.

Lahadin da ta zaɓa ta zo ta wuce muna gida. Ranar kuwa gari ya yi kyau, ko gajimare ɗaya babu, kamar da gayya.

Bayan kamar mako biyu, ina shanya a baranda sai na hango Gwaggo ta sauko daga jirgin unguwa da ƙunshi a hannu. Ba ta nufo gidanmu ba, shagon ta shiga. Na sauko da gudu da silifas, na tsaya a bakin ƙofa, don ban yarda a bar su su biyu ba. Gwaggo ta ajiye ƙunshin a kan kujerar aski.

“Rigar nan ta yi shekaru a naɗe,” ta ce, “duk ta yamutse. Ni ban iya gugar siliki ba.”

“Ba zan taɓa ta ba sai kwanakina sun cika,” in ji Inna.

“Na sani. Ni ma ai ba jiya aka haife ni ba.” Ta zaro kalanda. “Lahadi ta biyu a Disamba ranar sa'a ce. Na duba sau uku.”

“Masae, wurinki ne. Ke ce jini.”

Gwaggo ta zauna a ɗaya kujerar, tana kallon kanta a madubi. “Shekara talatin ina jin haushinki, Tsuya. Duk zuwan da zan yi sai in tarar da yaron nan a ƙoshe, rigarsa a wanke, farcensa a yanke. Ni ya kamata in yi, ban yi ba, ina can ina fama da nawa. In kawo masa alewa in koma. Ban taɓa ce miki na gode ba, don in na faɗa kamar na amsa laifina ne.” Ta ja numfashi. “Na gode. Ki riƙe jikarki.”

Inna ta miƙe ta tsaya a bayan Gwaggo, ta ɗaga mata gashin ƙeya da yatsa biyu.

“Wa yake rina miki wannan?”

“Ni da kaina.”

“Ya nuna.”

Da kwanakin suka cika Inna ta cire farar takardar, ta canza ruwa da ganye, ta goge rigar. Sannan ta shigo gidanmu, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta karɓi Fumika. Yarinyar ta yi nauyi, ta fara riƙe wuya, ta ƙura mata ido kamar tana tambaya ina ta shiga. Inna ta ce an bar mata yarinya da datti a bayan kunne.

Ranar tafiya gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi, amma rana ta fito. Inna ta sa kimono mai launin toka da ban taɓa gani ba, ta ce tun shekarar da Tatsuro ya gama makaranta ta ɗinka shi. Tasi ta sauke mu a bakin dajin. Muka rusuna a gaban babbar ƙofar, muka shiga ta gefen hanya. Taku kaɗan sai ƙarar motoci ta ɗauke, ba ka jin komai sai tsakuwa a ƙarƙashin takalmi da kukan hankaki a can sama. Tatsuro ya nuna wata bishiya ya ce ita ce ta kakansu, Gwaggo ta ce ƙarya yake, waccan ce. Duk bencin da muka iso sai ya ce Inna ta huta, ita kuma ta ce in ya gaji shi ya zauna.

A wurin wanke hannu aka lulluɓa mata rigar. Gwaggo ce ta ɗaure igiyar, Inna tana ba ta umarni ba tare da ta waiwaya ba, ja nan, sassauta can, wannan ƙullin ko Rumi ba za ta yi shi ba. Jar rigar ta sauko mata har gwiwa, kan Fumika kawai ake gani da farar hula. A cikin zauren, da aka buga ganga yarinyar ta tsala ihu. Na yunƙura, sai na ji Inna tana yi mata wata waƙa ƙasa-ƙasa da harshen mutanen arewa, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba, har yarinyar ta yi shiru. Malamin ibada ya kaɗa sandarsa mai fararen takardu a kanmu, ya karanta sunan Fumika da namu da unguwarmu. Da muka sunkuya, ni ban roƙi komai ba. Godiya na yi, don matar da ta ga yaro a kan matakala ta ce ya shigo, don mijin da ta yi mini rainonsa, don romon safe, har da faɗan.

A farfajiya mai ɗaukar hoton da Tatsuro ya kira yana jiranmu, wani mutum mai gemu da hancinsa ya yi ja don sanyi. Ya fara jera mu, uba nan, uwa can. Ya dubi Inna ya ce, “Kaka, ta wajen uwa ce ko ta wajen uba? Don in san gefen da zan tsayar da ku.”

Ni da Tatsuro da Gwaggo duk muka buɗe baki a tare, amma ta riga mu.

“Ta wajen uba,” ta ce. Muryar ba ta fita sosai ba, sai ta gyara murya ta sake faɗa. “Ta wajen uba ce.”

Mai hoton ya ce to, ya matsar da Tatsuro kusa da ita, ya koma bayan kyamararsa. Da ya leƙa sai ya ɗago ya ce a ɗan dakata. Hawaye ne suke bin fuskar Inna har haɓa, hannuwanta duka biyu kuma suna ƙarƙashin rigar riƙe da jaririya, babu halin sharewa. Tatsuro ya juya baya yana kallon itatuwa, kafaɗunsa suna rawa. Gwaggo ta ciro hankici daga hannun rigarta ta fara goge mata.

“Ki yi a hankali,” in ji Inna, “za ki kwashe mini hoda.”